Wane Ne Mai Kamfanin? Yadda Ƙamus Ɗaya Ke Tona Asirin Masu Cin Tudu Biyu

Duk ɗalibin da ya kai aji shida na sakandare ya san fargabar da ke tattare da rubuta suna. A takardar haihuwa an rubuta Muhammadu, a rajistar makaranta Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma Muhammad. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfutar hukumar jarrabawa tana ganin mutum uku ne daban-daban. Tun da JAMB ta wajabta amfani da lambar NIN a shekarar 2021, ɗalibai da yawa sun sha zirga-zirga tsakanin kotu da ofisoshi saboda gyaran harafi guda.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, wannan matsalar da ke hana ɗalibi barci ita ce ke bai wa wasu manya damar yin barci har da munshari. Idan sunan mutum ya bambanta daga wannan kundi zuwa wancan, ko kuma ya sa sunan wani a madadin nasa, zai yi wuya a gane cewa wanda ya ba da kwangila da wanda ya karɓe ta mutum ɗaya ne. A wannan makon za mu duba yadda wasu masana kwamfuta da 'yan jarida da lauyoyi suka haɗa kai domin toshe wannan kafa, ta hanyar amincewa da ƙamus ɗaya na rubuta bayanai.

Mene ne cin tudu biyu?

Bari mu ɗauki misali na kusa. A ce an naɗa mutum shugaban kwamitin sayo kujerun makaranta. Kafintoci biyar sun kawo farashinsu, ɗaya daga cikinsu kuwa shagonsa na ƙanin matar shugaban ne, kuma shi shugaban ne ya zuba jarin shagon. Aikinsa yana cewa ya zaɓi kujera mai ƙarko da araha, aljihunsa kuma yana cewa ya zaɓi shagon da zai samu riba. Masana suna kiran wannan yanayi cin karon muradu, mu kuwa a gida muna cewa cin tudu biyu.

A lura, shiga wannan yanayi kaɗai bai zama sata ba. Mai yiwuwa ma shagon ƙanin matar tasa ne ya fi kowa iya aiki. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ya ɓoye alaƙar, ya kuma zauna a kujerar yanke hukunci kamar ba shi da komai a ciki. Shi ya sa Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Biyar, ya fara ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da hana jami'in gwamnati jefa kansa a yanayin da buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. Hausawa ma tun tuni suka ce ba a bai wa kura ajiyar nama.

Yanzu ku cire kujerun makaranta, ku sa rijiyar mai a wurinsu. A watan Afrilun 1998, lokacin mulkin Janar Sani Abacha, gwamnati ta bai wa wani kamfani mai suna Malabu lasisin wani yankin haƙar mai a cikin teku da ake kira OPL 245. Kamfanin bai wuce 'yan kwanaki da yin rajista ba a lokacin. Ministan man fetur na wancan lokaci shi ne Dan Etete. A 2011 kamfanonin Shell da Eni suka biya kusan dala biliyan 1.3 domin mallakar yankin, kuma kimanin dala biliyan 1.1 daga ciki suka bi ta asusun gwamnati suka wuce zuwa Malabu. A 2013 wata kotu a Landan ta ce Etete yana da babban rabo a kamfanin tun kafa shi, duk da cewa shi ya sha faɗin cewa mai ba kamfanin shawara ne kawai. A watan Maris na 2021 kuma wata kotu a birnin Milan na Italiya ta wanke Shell da Eni da sauran waɗanda aka gurfanar daga zargin cin hanci.

Abin lura a gare mu a nan shi ne tsawon lokacin. Tambaya ce ƙarama, wato wane ne mai Malabu, amma an shafe shekara 15 kafin wata kotu, ita ma a wata ƙasa, ta faɗi amsa. A 1998 babu wani kundi da ɗan jarida zai buɗe ya ga ainihin masu cin ribar kamfani.

Bayanan suna nan, amma ba sa jin yaren juna

Mutane da yawa suna ɗauka cewa asirin manya yana kulle ne a cikin akwatin ƙarfe. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa bayanan suna fili, sai dai a warwatse suke. Sunayen daraktocin kamfani suna hukumar rajistar kamfanoni. Jerin waɗanda aka bai wa kwangila yana ma'aikatar da ta bayar. Sunayen masu riƙe da muƙamai suna wani ofishin daban. Wannan ofishi ya rubuta a takarda, wancan ya ɗauki hoton takarda ya ɗora a intanet, na uku kuma ya zuba a jadawalin kwamfuta. Ko da an tara su wuri ɗaya, kowane ofishi da irin kalmominsa.

Birtaniya ta ɗanɗani wannan. A 2016 ta buɗe kundin da ke nuna mutanen da ke da iko da kamfanoni, kowa na iya dubawa kyauta. Da masu bincike na ƙungiyar Global Witness da abokan aikinsu suka zauna nazarin kundin, sai suka tarar cewa a gurbin da ake rubuta ƙasar mutum, an rubuta kalmar da ke nufin ɗan Birtaniya ta hanyoyi sama da 500. Wani ya yi kuskuren harafi, wani ya taƙaita, wani ya rubuta sunan ƙasar a maimakon ɗan ƙasar. Sun kuma samu mutane sama da 2,000 da suka rubuta cewa a 2016 aka haife su, wato jarirai ne ke juya kamfanoni ke nan. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: a daina barin mutum ya rubuta yadda ya ga dama, a jero masa sunayen ƙasashe ya zaɓi ɗaya.

Matsalar ba ta tsaya ga haruffa ba, har ma'anar kalmomi ta shafa. A Birtaniya, sai mutum ya mallaki sama da kashi 25 cikin 100 na hannun jari kafin a lissafa shi cikin masu iko da kamfani ta fuskar jari. A Nijeriya kuwa, dokar kamfanoni ta 2020 ta sa iyakar a kashi 5 cikin 100. Ke nan mai kashi 10 zai fito a kundin Abuja, amma ba lallai ya fito a na Landan ba. Duk wanda aka taɓa aike kasuwa awon hatsi ya san irin wannan: mudun wannan gari ba ɗaya yake da na wancan ba, don haka idan aka ce maka mudu goma, sai ka tambaya na wace kasuwa.

To mene ne wannan ƙamus?

Kada ku ɗauka littafi ne mai bango irin wanda muke duba ma'anar kalmomin Turanci. Yarjejeniya ce a kan yadda za a rubuta bayani, ta yadda kwamfutar Abuja da ta Landan da ta Nairobi za su karanta su fahimci abu ɗaya. Ya fi kama da fom ɗin jarrabawa, inda aka ware gurbin sunan mahaifi daban, na ranar haihuwa daban, aka kuma faɗi abin da za a fara rubutawa tsakanin rana da wata da shekara.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙamusoshi shi ne wanda ƙungiyar Open Ownership ke kula da shi, ana kiran sa BODS a taƙaice. Ya raba duk wani bayanin mallaka gida uku. Na farko, mutum: sunansa, sauran sunayen da aka san shi da su, ƙasarsa da lokacin haihuwarsa. Na biyu, kamfani ko ƙungiya: sunanta, ƙasar da aka yi mata rajista da lambar rajistar. Na uku, alaƙar da ke tsakaninsu: shin hannun jari ne, ko ƙuri'a a taron masu kamfani, ko ikon naɗa daraktoci? Kashi nawa? Daga yaushe zuwa yaushe? Kai tsaye ne, ko ta hannun wani kamfani?

Wannan gida na uku shi ne zuciyar aikin. Mai son ɓoye kansa ba ya rubuta sunansa a kan kamfanin da ya karɓi kwangila. Sai ya sa kamfani na biyu ya mallaki na farko, na uku ya mallaki na biyu, shi kuma yana can ƙarshen sarƙar, wataƙila a wata ƙasa. Idan an rubuta kowane zobe na sarƙar da tsari iri ɗaya, kwamfuta za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga mutum mai jini da tsoka.

Akwai kuma ƙamus na kwangiloli da ake kira OCDS, wanda aka ƙaddamar a 2014. Shi ya raba rayuwar kwangila mataki biyar: tsarawa, neman masu sha'awa, zaɓen wanda ya yi nasara, sa hannu, sai aiwatarwa. Kowace kwangila ana ba ta lamba guda wadda za ta bi ta daga farko har ƙarshe, kamar yadda lambar jarrabawa ke bin ɗalibi daga rajista har fitowar sakamako.

Lamba tana da muhimmanci ƙwarai a wannan aiki, domin suna yana rikiɗa amma lamba ba ta rikiɗa. Duniya ta koyi wannan darasi a watan Satumban 2008, lokacin da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe. Bankin yana da rassa masu ɗimbin yawa da sunaye daban-daban, har bankuna da hukumomi suka sha wahalar lissafa nawa ne kuɗinsu ya maƙale a ciki. Bayan haka ne aka ƙirƙiro wata lamba ta duniya mai haruffa da alƙaluma 20, wadda ake kira LEI, domin kowane kamfanin da ke hada-hadar kuɗi ya samu shaidar da ba ta kama da ta kowa.

Mu haɗa su mu gani. Kundin kwangila ya ce kamfani mai lamba kaza ne ya samu aikin gina ajujuwa a watan Yuni. Kundin mallaka ya ce kashi 40 na kamfanin mai wannan lamba na wani mutum ne. Kundin masu muƙamai kuma ya ce wannan mutumin yana cikin kwamitin ba da kwangila daga Janairu zuwa Disamba na shekarar. Kowane kundi shi kaɗai ba ya nuna komai. Da aka jera su da lambobi da ranaku iri ɗaya, sai tambaya ta fito fili.

Inda aka gwada aka gani

A watan Afrilun 2016 aka fallasa takardun da ake kira Panama Papers, wato takardu miliyan 11.5 daga wani kamfanin lauyoyi na ƙasar Panama mai suna Mossack Fonseca. Jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus ce ta fara samun su, ta kuma raba aikin da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ. Ɗaruruwan 'yan jarida ne suka yi aikin, ciki har da na Premium Times daga Nijeriya. Babu mahaluƙin da zai iya karanta takardu miliyan 11.5. Abin da suka yi shi ne, suka zuba bayanan a rukunoni kaɗan: kamfani, jami'insa ko mai shi, dillalin da ya buɗe shi, da adireshi. Sannan suka ja layi tsakanin duk biyun da ke da alaƙa.

Cikin abin da ya fito har da labarin firaministan ƙasar Aisland, Sigmundur Gunnlaugsson. Shi da matarsa sun mallaki wani kamfani mai suna Wintris, wanda ke bin bankunan ƙasar da suka rushe a 2008 bashi. Bai bayyana kamfanin ba lokacin da ya shiga majalisa a 2009, kuma a ƙarshen shekarar ya sayar wa matarsa rabonsa a kan dala ɗaya. Daga baya gwamnatin da yake jagoranta ce ta shiga tattaunawa kan yadda za a sallami masu bin waɗannan bankuna bashi. Ya ce bai karya doka ba, amma dubban mutane suka cika harabar majalisa, cikin 'yan kwanaki ya sauka daga kujerarsa.

Misali na biyu ya fi nuna amfanin kundin da ke a buɗe. Andrej Babiš attajiri ne da ya zama firaministan Jamhuriyar Cek a 2017. Shi ne ya kafa katafaren kamfanin noma da abinci da sinadarai mai suna Agrofert, wanda ke samun tallafin Tarayyar Turai. Saboda wata doka, a 2017 ya miƙa kamfanin ga wasu asusun amana, ya ce ya cire hannunsa. Sai dai maƙwabciyarsu Silobakiya tana da dokar da ta ce duk kamfanin da ke cin kuɗin gwamnati dole ya faɗi ainihin masu amfana da shi a kundin da kowa zai gani, kuma Agrofert na kasuwanci a can. A 2018 reshen Transparency International na Cek ya duba kundin Silobakiya ya ga sunan Babiš. Masu binciken kuɗi na Hukumar Tarayyar Turai suka bi sawu, kuma rahotonsu da aka fitar a 2021 ya ce akwai cin karon muradu. Babiš ya musanta. Ba a fasa wani ofishi ba, ba a saci takarda ba. Kundin wata ƙasa ne ya amsa tambayar wata ƙasar.

A nan gida fa?

Nijeriya ma ta kama hanya. A taron yaƙi da cin hanci da aka yi a Landan a watan Mayun 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin buɗe kundin ainihin masu kamfanoni. A Disamban 2019 hukumar NEITI ta buɗe nata na kamfanonin mai da ma'adinai. A watan Mayun 2023 kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta ƙaddamar da kundin da ya shafi kamfanoni baki ɗaya, wanda aka tsara shi bisa ƙamus ɗin BODS.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin shafukan farko da suka yi amfani da ƙamus ɗin kwangila a ƙasar nan sunan Hausa gare shi: Budeshi, wato buɗe shi. Wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja, PPDC, ita ce ta gina shi, inda take tattara bayanan kwangiloli kamar na ƙananan asibitoci da ajujuwan makarantu, domin jama'a su kwatanta abin da aka rubuta a takarda da abin da aka gina a ƙasa.

A yi hattara

Ƙamus ba ya hana ƙarya. Mutum na iya cike kowane gurbi daidai, amma ya sa sunan direbansa ko yaron gidansa a matsayin mai kamfani. Don haka dole hukumomi su riƙa tantancewa, su kuma hukunta wanda ya yi ƙarya.

Akwai kuma batun sirrin mutane. A watan Nuwamban 2022 babbar kotun Tarayyar Turai ta soke tanadin da ya buɗe wa kowa da kowa irin waɗannan kundaye, tana mai cewa ya shiga haƙƙin sirri fiye da kima, kuma wasu ƙasashe suka rufe nasu nan take. A ƙasa irin tamu mai fama da masu garkuwa da mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jama'a na da buƙatar sanin mai kamfanin da ya karɓi kuɗinsu, amma ba su da buƙatar sanin ƙofar gidansa ko makarantar 'ya'yansa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A Arewa, masu suna Abubakar Muhammad ko Aisha Ibrahim ba sa ƙirguwa. Ganin suna ɗaya a kundi biyu ba ya nufin mutum ɗaya ne. Ko an tabbatar shi ne, alaƙa tambaya ce da ke neman amsa, wataƙila ya bayyana ta tun farko ya kuma janye daga zaman yanke hukunci. Ɗan jarida nagari yana tuntuɓar wanda ake zargi kafin ya buga labari. Wanda ya ɗauki hoton allon waya ya watsa a Facebook ba tare da tabbatarwa ba, zai iya ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da za ku iya gwadawa

Ba sai kun shiga jami'a za ku fara ba. Ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku za ta iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango, tare da malamin da ke kula da ita. Ku nemi allunan ayyukan gwamnati da ake kafawa a bakin titi ko gaban sabon gini a unguwanninku. Ku ja layuka a littafi, ku amince da gurabe iri ɗaya kafin kowa ya fita: sunan aiki, hukumar da ta bayar, sunan ɗan kwangila kamar yadda aka rubuta shi harafi da harafi, lambar rajistarsa mai farawa da RC idan akwai, ranar da kuka gani, da halin da aikin ke ciki. Ku yanke shawara yadda za a rubuta kwanan wata, da kalmomi uku kacal na halin aiki: ba a fara ba, ana yi, an gama. Daga bakin hanya za ku kwafi allo, kada ku shiga wurin gini ko ku yi jayayya da kowa.

Idan ɗalibai 30 suka dawo da alluna bibbiyu, kun samu ayyuka 60 a tsari ɗaya. Za ku iya duba sunayen kamfanonin a shafin CAC ku ga ko suna da rajista, ku kuma lura ko akwai wanda ya fito sau da yawa. Abin da ya ɗaure muku kai, ku kai wa malaminku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani.

Mu da muka riga ku shiga jami'a mun ga cewa wannan fanni yana buƙatar kowa: mai lissafi, mai kwamfuta, mai sha'awar shari'a, da kuma wanda ya san cewa Mamman da Muhammadu, ko Garba da Abubakar, suna iya zama mutum ɗaya. Wannan na ƙarshe ilimi ne da kwamfutar da aka ƙera a Turai ba ta zo da shi ba, kuma ku kun tashi da shi tun daga gida. Kuɗin da ake magana a kansu su ne na kujerun da kuke zama a kai da rufin ajin da ke yoyo da damina, don haka kuna da hurumin tambayar wanda ya karɓa.